Ƙwan Fitilar 'Yan Tsaki

Ƙarfe biyu motar asibiti za ta zo ɗaukar Inna. Likita bai ɓoye musu komai ba: za a cire mata maƙogwaro, za ta rayu in Allah ya yarda, amma magana kam ta ƙare. To ga muryar ma tun yanzu ba ta wuce raɗa ba, ga mijinta, tsohon mai gyaran rediyo da duk layin ke kira Injiniya, shekara shida ke nan kunnensa ya toshe. Sai an kwatsa masa ihu yake tsintar kalma guda.

Tun safe take jawo rigarsa, tana kai baki kunnensa. Yana jin ɗumin numfashinta, yana ganin leɓɓanta na motsi, amma ko ƙis.

"Inna, ki faɗa mini mana in faɗa masa!" in ji Auta, 'yarsu, hawaye shaɓe-shaɓe.

Inna ta girgiza kai. Ba saƙon aike ba ne.

Wajen sha biyu Injiniya ya miƙe zumbur, ya kwashe gwangwanin allurai da tsummokaran ɗinkin da Inna ta jibga a kan wani akwatin ƙarfe a bayan ƙofa. Tsohuwar amfilifayarsa ce, injin ƙara murya mai kwalabe a ciki, rabonta da wuta shekara ashirin. Mijin Auta, mutum mai rawar jiki, ya kinkimo ta zuwa tebur, kafin ka ce me har ya nufi soket da fulogi a hannu.

"Kai! Ajiye!" Injiniya ya daka tsawar da shi kansa sai da ya ji ta. "Mai dogon barci ake tasa da mari? Ka ba ta wuta gaba ɗaya ta fashe, ina zan samo wata kafin biyu? Jona lasifika tukuna. In ta tashi ba lasifika, cikinta za ta ƙona."

Yatsunsa sun tsufa, don haka Auta ce ta murɗa wayoyin, shi yana nuna mata da haɓa. Ya zaro wani katako mai soket da mazaunin ƙwan fitila. Ta cikin ƙwan nan wuta za ta bi kafin ta isa injin, in da matsala ƙwan ya shanye ta. Ya ce a ciro masa na falo.

Aka kawo. Ya jujjuya shi. Farin nan ne na zamani. Ashe bara surukin nasa ya bi gidan kaf ya sauya su, har yana bugun ƙirji.

"Irin na da nake so, mai zare a ciki, mai zafi! Wannan me zai shanye?"

Mijin Auta ya bazama shaguna. Sha biyu da rabi ta wuce, ɗaya saura kwata ta wuce. Injiniya na zaune, ido ɗaya kan agogon bango, ɗaya kan matarsa da ke kishingiɗe da jakarta a ɗaure. Shekara arba'in da bakwai yana ce mata ta cika surutu. Yau ga shi zai ba da duk kayan aikinsa don kalma ɗaya. Da surukin ya dawo hannu rabbana, wai masu shago har dariya suka yi masa, sai tsohon ya ɗauki fulogin da kansa ya tsura wa soket ido. A zuciyarsa yana cewa, wataƙila ta jure. Hannunsa ya kai rabi, ya dawo da shi.

Auta ce ta tafa hannu. "Maman Kaji!"

Maƙwabciyarsu ce, da irin ƙwan take ɗumama 'yan tsakinta. Sai ga ta da kanta, ƙwan a naɗe cikin gefen zane don zafi, tana cewa, "Injiniya, in 'ya'yana suka yi mura kai za ka kwanta a kansu!" Ta hango jakar Inna, ta daina wasan ta miƙa ƙwan.

Aka ɗaura. "In ya haska ya dushe, lafiya," in ji shi. "In ya tsaya da haske, kashe."

Auta ta danna. Ƙwan ya haska fau, ya ƙi dushewa.

"Kashe! Cire!"

Ɗaya da kwata. Suka kifa injin, suka kwance faifan ƙasa. Auta ce ta fara gani: allurar Inna, ta zurma ta hujin iska ta kwanta a kan wayoyi biyu. Ta miƙa yatsu za ta tsinke ta. Tsohon ya make mata hannu.

"Baba, ai an cire daga bango!" ta yi ihu a kunnensa.

"Bango ya sake ta, ita ba ta saki ba. Waɗannan gwangwanayen riƙe wuta suke kamar mai riƙon zuciya. Uwarki za a kai asibiti, ba ke ba."

Ya ba ta wayarsa ta tsiyaye wuta, mai roba a mariƙi, ya sa ta taɓa kowane gwangwani tana ƙirga goma. Sannan ya sa ta maida hannu ɗaya baya, ta ɗauke allurar da filaya. Aka rufe, aka sake dannawa.

Ƙwan ya haska, ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, har ya koma ja kamar garwashi. Kwalaben suka fara ɗaukar ɗumi, ƙaurin tsohuwar ƙura ya cika ɗakin.

"Baba, mota! Ga ta a ƙofa!" Auta ta kwatsa masa a kunne.

"Ta jira. Minti biyar."

Direba na ta oda, mijin Auta ya fita ba shi haƙuri. Minti biyar ɗin nan, Injiniya bai taɓa ganin masu tsawonsu ba. Da suka cika ya sa aka kashe, aka maida fulogin bango kai tsaye, aka kunna. Ya ce a kai wa Inna makirfo can kan gado, nesa da lasifika kada ta yi kuwwa. Shi kuwa ya durƙusa da ƙyar, ya manna kunnensa a jikin ragar lasifikar. Auta ta riƙa ƙara murya kaɗan-kaɗan.

Gurnani ya fara ji. Sai wani abu kamar shara a tsakar gida, numfashi ne. Sai muryarta, a shaƙe, amma tata.

"Shekara shida ina kiranka kana mini shiru. Yau sai ka amsa." Ta ja numfashi. "Injiniya."

"Na'am."

"Injiniya."

"Na'am, ina jin ki."

Maman Kaji ta juya wa bango fuska. Sau bakwai Inna ta kira, sau bakwai ya amsa. Sannan ta ajiye makirfon a kan filo, ta nuna wa Auta jakarta.