Maganar Farfesa, Sunan Dakta

Da ƙasashen yankin suka fara zancen buɗe iyakokinsu ga kayan juna, Dakta, wata masaniyar tattalin arziki, aka ɗora wa binciken abin da hakan zai jawo wa ƙananan masana'antu. Farfesa, shugaban cibiyar binciken, shi ya koyar da ita a jami'a, shi ya jawo ta aikin. "'Yata" yake ce mata.

Masu masana'antun ba sa sakin jiki da baƙo, sai da yayanta, mai ɗinkin takalma a bayan tasha, ya tsaya mata. "Ƙanwata ce," yake ce musu, "ku faɗa mata gaskiya." Ta zauna cikin warin gam da fata, ta saurari koken kowa. Abin da ta rubuta ba shi da kwana-kwana: a cire harajin shigo da kaya, amma sannu a hankali, in ba haka ba manyan kamfanonin maƙwabta za su haɗiye ƙanana.

Ranar taron ministoci aka ajiye ta a layin baya, kusa da tafintoci. Farfesa ya miƙe, ya gyara tabarau, ya ce binciken Dakta ya tabbatar ƙananan masana'antu a shirye suke, a cire harajin nan take. Har da nuna ta da hannu. Zauren ya waiwayo yana tafi.

Lokacin shan shayi ta tare shi.

"Ranka ya daɗe, ba abin da na rubuta ba ke nan."

"'Yata, masu ɗaukar nauyinmu ba sa son jin 'sannu a hankali'." Ya ci gaba da motsa sukari. "Ministoci sun san sunanki yanzu. Me kuma kike nema?"

"A cire sunana."

"Ai an riga an buga."

Da yamma ta isa shagon yayanta. Ya ji komai a rediyo. Ko ɗagowa daga keken ɗinki bai yi ba.

"Yaya, wallahi juya maganata aka yi."

"Na yarda da ke. Amma da wane baki zan fuskanci mutanen da na kai ki wurinsu?"

Ta kai wa jaridu ƙarin bayani. Guda ce ta buga, can ƙasan shafin wasanni. Cibiyar kuwa ta sallame ta cikin ladabi, Farfesa har da yi mata addu'a. Kafin shekara ta zagayo, takalman ƙetare sun cika kasuwa, yayanta ya sayar da kekunansa, ya koma tallan takalman ƙetaren.