Atishawar Dodo

"Sau ɗaya zai bi ta injin nan," in ji mai gyara, yana goge fumfunar da ta cinye zaren kaset ɗin da auduga. "In ya tsinke kafin kwamfuta ta ɗauka, shi ke nan."

Tsohon fim ɗin ban tsoro ne da gidan talabijin ya yi shekara arba'in baya, kuma Babanmu ne dodon ciki. Ya rasu bai bar muryarsa a ko'ina ba. Shi ya sa Inna ta tasa ni gaba har shagon, ta zauna a kan benci ta riƙe jakarta gam.

Fim ya fara. Kai, jama'a! Dodon buhu ne da aka huda wa ido biyu, jinin jar tawada, ga inuwar mai riƙe da fitila ɓaro-ɓaro a bango. Wai wannan ne ya sa ni fitsarin kwance har ina 'yar shekara tara! Mai gyara ya guntse dariya, na galla masa harara.

Dodo ya yi gurnani.

"Ba shi ba ne," in ji Inna. "Wani suka sa ya yi gurnanin. Ku jira."

Sai hoton ya fara rawa, injin ya ɗauki ƙiii.

"In tsayar, Inna? Zai tauna zaren," in ji mai gyara.

"Kar ka taɓa!"

Wallahi tsoro nake ji, irin wanda dodon bai taɓa ba ni ba. Layuka suka cika allon. Ta tsakaninsu muna hango dodo laɓe a bayan ƙofa, ya ɗaga gatarin kwali, wata mata na zunduma ihu.

Sai dodo ya yi atishawa.

Daga cikin buhun, ƙasa-ƙasa, muryar Baba ta ce, "Alhamdu lillahi."

Bakinsa ne ya riga shi, masu fim kuwa ba su da zaren sake ɗauka, suka bar shi haka.

"Yarhamukallah, Malam," in ji Inna.

Ƙas! Zaren ya tsinke. Mai gyara ya sunkuya kan kwamfuta, ya daɗe yana latse-latse, ni kuwa kamar in shaƙe shi.

"Ya shiga," ya ce.

Inna ta share ido da gefen mayafi.

"To mayar min baya, ɗan nan. Shekara goma sha ɗaya rabon da in amsa masa."