Masu Ɗaga Hannun Hagu

Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da aji shida, ajin da ke zana jarrabawar fita, kuma babu wanda ya taɓa ɗaga min gira sai da aka kawo sabuwar malama aji huɗu. 'Yar Gayu muke ce mata a ɗakin malamai. Ni na raɗa mata sunan, ba kuwa don ƙauna ba. Ita ta buɗe wa makaranta shafi a intanet. Yau yaranta na shuka wake a gwangwani, ta ɗauka ta ɗora. Gobe suna auna inuwarsu da igiya a filin wasa, ta ɗora. Iyaye kuwa sai zuba sambarka suke a ƙasa, kai ka ce kafin zuwanta barci muke zuwa yi.

Ba zan ɓoye ba, abin yana cina. Da an tashi hutun rabin rana nakan buɗe shafin in karanta yabon da ake mata ɗaya bayan ɗaya, in ja tsaki in rufe, in sake buɗewa. Ko sau ɗaya ban taɓa dangwala mata alamar yabo ba.

Ana haka shugaban makaranta ya kira ni ofis.

"Malama, iyaye sun matsa min lamba," in ji shi. "So suke a ba ta aji shida zango mai zuwa. Sun ce ita suna ganin aikinta."

"Ranka ya daɗe, nawa aikin ai a sakamakon jarrabawa ake ganinsa."

"Sau ɗaya a shekara ke nan. Ki nuna musu wani abu kafin taron iyaye, in samu abin da zan kare ki da shi."

Na fito zuciyata na tafasa. Yarinyar da ko riƙe alli ba ta gama iyawa ba, ita ce za ta karɓe min aji? To, ai kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Ni ma ina da tawa dabarar, wadda muke yi tun zamanin da masu duba makarantu ke faɗo mana ba sallama.

Washegari na rufe ƙofar aji na ce wa yara: "In na yi tambaya, kowa ya ɗaga hannu. Wanda ya san amsa, dama. Wanda bai sani ba, hagu. Ni na san wanda zan kira."

Na jingina waya da kwalin alli a kan taga, muka yi darasin rabi da kwata. Sau uku muka maimaita kafin ya yi min. Hannaye talatin da huɗu a sama, duk wanda na nuna kuma sai ya zuba amsa tiryan-tiryan.

Abin haushi, ita ke riƙe da shafin, dole ita na kai wa. Ta kalli bidiyon har ƙarshe, ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Anti, ya yi kyau." Ta ɗora.

Kwana ɗaya na sha daɗina. Sai ga wani uba ya rubuta a ƙasa cewa mahaifiyarsa ta ga bidiyon ta yi wa jikarta faɗa, wai wane irin rashin tarbiyya ne ɗaga wa malama hannun hagu. Yarinyar ta fashe da kuka ta ce ai Malama ce ta ce wanda bai sani ba ya ɗaga hagu. Ya ƙara da cewa: "Na tsayar da bidiyon na ƙirga. Hagu ashirin da ɗaya ne. Muna neman bayani."

A ɗakin malamai na karanta. Na rubuta amsa na goge, na sake rubutawa na goge. 'Yar Gayu tana can ƙarshen tebur, kanta a kan waya, yatsunta na ta aiki. Na ce a raina shi ke nan, ta samu nama. Sai ga rubutunta ya faɗo.

"Wannan tsarin Malama ne. Yaron da bai gane ba ba ya noƙewa don kunya, sai ya ɗaga hagu. Da kallo ɗaya ta san wanda za ta koma ta zauna da shi. Ni ma roƙonta nake ta koya min."

Kafin a tashi iyaye sun juya. Uban nan har haƙuri ya bayar. Shugaban makaranta ya leƙo yana washe baki, ya ce aji shida yana nan hannuna, magana ta mutu.

Na tare ta a baranda.

"Me ya sa kika yi haka?"

"Anti, ni fa ban shirya wa aji shida ba," ta ce. "Kuma dabarar mai kyau ce, in da gaske aka yi ta."

Da ta kwashe ni da mari da ya fi min sauƙi. Da can ina jin haushinta don ta fi ni farin jini, ina kuma jin daɗin haushin. Yanzu ta rufa min asiri, ta san gaskiya, na san ta sani, kuma har a kirkin ma ta sha gabana. Wannan ya fi komai ƙona min rai.

Ranar Litinin na rubuta tambaya a allo. Ban ce komai ba, hannaye suka tashi, na hagu sun fi yawa, babu mai ɓoye fuska. Jira suke in zo, domin iyayensu sun gaya musu zan zo. Na tsallake masu dama, na je benci na ƙarshe na tsuguna gaban yarinyar da kakarta ta yi wa faɗa, muka raba takarda gida huɗu.

Da na ɗago, ga 'Yar Gayu tsaye a taga da wayarta, tana tambayata da ido ko ta ɗauka. Na buɗe baki in ce a'a. Sai na ji hannuna yana gyara min mayafi.