Yoyon Mandawari

Bayan soja sun koma bariki, aka ba kamfanin Alhaji Isyaku kwangilar raba ruwan famfo a wasu unguwannin cikin badala. Alhaji ɗan kasuwa ne da ya tsunduma siyasa, bai san kan bututu ba, sai ya ɗauko Hashim, wani injiniya ɗan Dala da bai daɗe da gama karatu ba, ya sayo masa kwamfuta da wata manhaja daga waje.

Hashim ya yi watanni yana zana bututai a cikin manhajar, tun daga babban tanki har lungunan Dala da Ƙofar Ruwa da Mandawari. Ita kuma tana lissafa yadda ruwa ya kamata ya gudana a kowannensu. Aka dasa mitoci a mahaɗar bututai, suna aiko da alƙalumansu ta layin waya, manhajar tana gwada su da nata lissafin. In ta ga ƙarfin ruwa ya faɗi inda bai kamata ba, sai ta sa jan ɗigo a taswira, alamar yoyo, ta umarci bawul ɗin unguwar, wato makullin ruwanta, ya rufe kansa har a gyara.

Da zaɓe na gaba ya zo, Alhaji ya tsaya takarar majalisa. Ya ci, amma Mandawari ta ba shi kunya. Wani tsohon malamin firamare, Malam Haruna, wakilin abokin takararsa, ya rungume akwatin zaɓe ya ce sai an ƙirga a gaban jama'a. Aka ƙirga, Alhaji ya sha ƙasa a rumfar, aka raka motarsa da ihu.

Bayan rantsuwa ya shigo ofis ya ja kujera kusa da Hashim.

"Injiniya, wannan abar taka, maganar mita kaɗai take ji?"

"Duk fayil ɗin da aka ba ta a tsarin da ta sani tana karɓa, Alhaji. Haka ma nake gwaji. In ƙirƙiro yoyon ƙarya, in fitar da alƙaluman, in mayar mata kamar daga mita suka zo, in ga ko za ta rufe."

"Tana rufewa?"

"Nan take."

"To, yi mana gwaji a Mandawari."

Hashim ya yi dariya, sai ya ga Alhaji bai yi ba. Ya gaya wa kansa abin kwana biyu ne. Ya cire layin mitar Mandawari, ya ɗora fayil a gurbinsa. Jan ɗigo ya fito, bawul ya rufe.

Tsakiyar bazara ce. Famfo ya ƙafe, 'yan garuwa suka yi wuyar samu, mata suka koma ɗibar ruwan kududdufi. Mai unguwa ya jagoranci dattawa zuwa ofis, Alhaji ya tarbe su da jaje, ya juya musu allon kwamfuta.

"Ku gani da idonku. Na'ura ce ta rufe, ba hannun kowa. Yoyo ne a ƙarƙashinku, ga shi ma'aikatan haƙa duk suna wani aikin."

"In dai haƙa ce, ranka ya daɗe, muna da majiya ƙarfi," in ji mai unguwa. "A nuna mana wurin kawai."

Aka yi gayya. Hashim ya je ya tsaya a inuwa yana kallon magidanta da diga da shebur, suna zufa, ba ruwan da za su jiƙa maƙoshi. Suka cim ma bututu lafiyarsa ƙalau. Ya ce musu wataƙila yoyon yana gaba kaɗan, ya koma ofis ya matsar da ɗigon.

Da farko Alhaji ne ke cewa a matsar. Daga baya Hashim ya daina jiran umarni. Akwai wani daɗi da bai taɓa sani ba a ganin ya taɓa maɓalli yau, gobe mutane sun fasa layi guda. Har ƙofar wani mai shago da ya taɓa yi masa rashin kunya ya sa aka tone. Wata tsohuwa, Husaina, ta faɗa ɗaya daga cikin ramukan ta karye a ƙugu. Da labarin ya iso shi ya yi salati da gaske, sannan ya ci gaba da aikinsa.

Wata ranar Litinin Alhaji ya nuna wani bututu a taswira. Tsohon bututu ne da ya bi ta ƙarƙashin soron Malam Haruna, kamar yadda ya bi ƙarƙashin gidaje da yawa.

"Nan," ya ce. Hashim ya matsar da ɗigon wurin.

Da mai unguwa ya dawo, Alhaji ya rage murya. "Injiniya ya ce wannan bai yi kama da yoyo ba. Kamar wani ne ya huda yana ja." Hashim bai faɗi haka ba, amma ya gyaɗa kai.

Washegari jama'a suka cika ƙofar gidan. Malam Haruna ya fito ya tsaya a bakin soro, yana dogare da sanda.

"Ado, har da kai? Ni na koya maka riƙe alƙalami."

"Malam, matata ta haihu shekaranjiya, da ruwan kududdufi aka yi mata wanka," in ji Ado, bai ɗaga ido ba. "In ba ka da komai a ƙasa, matsa mu duba."

Aka janye Malam Haruna gefe. Suka fasa daɓen soron, suka bi bututun ciki, bangon ɗakin matarsa Tani ya tsage ya zauna a kan gadonta, ita tana tsakar gida rungume da kwanuka tana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Wajen la'asar bututun ya bayyana gaba ɗaya, ba huda, ba haɗi. Wasu suka fara sauke diga suna kauce wa idon juna.

Hashim ya duba agogonsa. Tun da safe ya ƙiyasta lokacin da haƙar za ta ci, ya sa wa manhajar ƙa'ida: da la'asar ta saki fayil ɗin ta koma sauraren mita. Wannan dabararsa ce, Alhaji ma bai sani ba.

Famfon bakin layi ya yi tari, ya tofar da iska, ruwa ya ɓarke. Aka ɗauki kabbara. Cikin hayaniyar wani ya ce ai tsohon ya ji ana zuwa ne ya toshe satarsa tun jiya. Ba wanda ya tambayi ina toshiyar take. Masu bokiti suka bi ta kan ɓaraguzan soronsa da gudu.

Bayan kwanaki Malam Haruna ya zo ofis shi kaɗai.

"Ɗana, nuna min abin da na'urar ta gani a gidana."

Hashim ya juya masa allon. Layuka shuɗaye ne kawai, ko'ina lafiya.

"Ba ta ajiye na baya, Baba. Tunda an gyara, shi ke nan."

"Me aka gyara?"

Hashim ya ce yana da taro. Tsohon ya lalubi sandarsa ya fita.

Ba wanda ya kawo masa ko tubali ɗaya. A masallaci aka riƙa barin gurbi tsakaninsa da na kusa da shi, a layi kuma ana kiransa Haruna Famfo. Ruwan farko na damina ya cika ramin ya kwantar da sauran bangon, 'yarsa Safiya ta zo da a-kori-kura ta kwashe iyayenta zuwa gidan mijinta a bayan gari.

Mutanen Mandawari suka haɗa hannu suka kai wa Alhaji rago na godiya. Ya sa aka yanka, ya aika wa Hashim da cinya guda. Zaituna, matar Hashim, ta yi farfesu, ta tambaye shi ko yaji ya yi yawa. Ya ce daidai ne, ta ƙaro masa romo.