Reshen da Na Sa Aka Sare

Reshen ya riga ya faɗo tsakar gidana lokacin da 'yar Baba Tela ta shigo a guje, ko takalmi babu.

"Iya, me kika yi? Sheƙar tana kansa!"

Shekara shida ina rigima da tsohon a kan mangwaron nan nasa. Shi da inuwa, ni da shara. Da na ji ciwo ya kwantar da shi, na ce yau babu mai hana ni, na kira mai gatari. Wallahi ban san cewa tun da ƙafafunsa suka mutu, abin da yake wuni yana kallo ta taga ke nan ba: kurciya kwance a kan ƙwai.

Na durƙusa cikin ganye ina lalube kamar mahaukaciya. Ƙwai ɗaya ya fashe. Ɗayan yana nan da ɗuminsa. Na sa sheƙar a kwandon cefanena, na ɗora a kan katanga.

Na shiga ɗakin tsohon, na same shi ya ƙura wa tagar ido.

"Maƙwabciya, yau dai kin yi nasara," ya ce da ƙyar.

"Baba, ɗaya ya tsira. Yana kan katanga."

"Daga nan ba na hango katanga."

Likita ya hana a motsa shi. Na koma gida na kwance madubin durowata da wuƙa, na yanke yatsa ban ma ji ba. Muka jingina madubin a kujera, ni da 'yarsa, muna ta juyawa.

"Hagu kaɗan. Yauwa, tsaya nan."

Kwando kawai ake gani. Muka wuni kurciya ba ta zo ba. Ni da ban taɓa ba kowa haƙuri a layin nan ba, sai ga ni ina roƙon tsuntsuwa da hawaye.

"Daina matsa mata," ya ce. "Tsoro take ji. Ni ma ina ji."

Rana ta yi sanyi kafin kurciyar ta sauka a bakin katanga. Ta yi taku uku, ta tsaya. Lokacin idonsa ya daina gani sosai.

"Ta shiga?"

Na so in yi ƙarya, bakina ya ƙi.

"Tukuna, Baba."

"Za ta shiga."

Maganarsa ta ƙarshe ke nan a duniya. 'Yarsa ta shafe masa ido, ta kifa kai a bakin gado.

A cikin madubi, kurciyar ta leƙa kwandon, ta shiga, ta gyara zama.