Ranar da Aka Ce Kowa Ya Miƙe

Tela bai taɓa shiga ginin majalisa ba sai ranar da 'yarsa ta ja shi. Suka hau benen 'yan kallo, dogari ya gargaɗe su: ba magana, ba tafi, ba miƙewa. Ya zauna ya dafe gwiwoyi yana leƙen ƙasa. Kujeru sahu-sahu sun yi da'ira, fitilu ko ba a magana, ga manya an sha ɗinkuna waɗanda shi kaɗai ya san aikin da suka ci.

'Yar tasa, Auta, mai haɗa magani ce a wani asibiti. Ita ta fito da sunanta ta faɗa wa hukuma cewa ana sauya kwanan wata a kwalaben maganin da ya lalace. Sakayyar da ta samu kora ce, sannan asibitin ya maka ta a kotu wai ta tona sirrin aiki. Dokar da za a jefa wa ƙuri'a yau ta hana a gurfanar da mai fallasa. In ta wuce, shari'ar Auta ta mutu. In ta faɗi, lauyansu ma ya ce su shirya wa gidan yari.

Shugaban majalisa ya ce masu goyon baya su ce e. Aka ji wata e siririya, abin tausayi. Ya ce masu ƙi fa? Wai! A'a ta tashi har bencin da Tela ke zaune ya yi rawa. Da idonsa ya ga wani mai tumbi ya sunkuyar da kai ƙasan tebur yana kwarara ihu don kada a gane bakinsa. Auta ta damƙe hannun mahaifinta.

Shugaba ya ɗaga guduma zai buga, sai jagoran masu ƙi ya miƙe. Ya ci nasara fa, amma kunnensa ya jiyo e daga sahun mutanensa, abin ya tsaya masa a rai. So yake ya ga fuskar waɗanda suka saɓa masa.

“Ranka ya daɗe, a ƙirga. Kowa ya tsaya a gan shi.”

Bisa ƙa'ida, in an nemi ƙirga ba a hanawa. Masu ɗaukar hoto suka juyo da na'urorinsu. Shugaba ya ce masu goyon baya su tashi.

Zauren ya yi tsit. Can a bayan jagoran, wata dattijuwa daga cikin mutanensa ta dafa tebur, ta lallaɓa ta miƙe da ƙyar, ta gyara mayafi. Jagoran ya juyo ya zuba mata ido, ita ma ta zuba masa, ko ƙiftawa ba ta yi ba. Tela ya tuna cewa haka Auta ta tsaya ita kaɗai a gaban shugabannin asibiti, shi kuwa bai je ya gani ba. Yau ya ga yadda abin yake.

Wani ya bi ta, wani ma ya bi, kujeru suka riƙa ƙara ta ko'ina. Mai tumbin nan ya dubi na'urar hoto, ya dubi jagora, ya sake duban na'ura, ya tashi yana kakkaɓe riga kamar dama can ra'ayinsa ke nan. Da aka kira masu ƙi, duk tsawar ɗazu ta koma 'yan tsirarun mutane, su ma kawunansu a sunkuye.

Guduma ta sauka. Doka ta wuce.

Tela bai san ya miƙe ba, tun sanda dattijuwar ta tashi yake tsaye, hawaye na bin gemunsa. Dogari ya taho zai yi magana, ya dubi fuskarsa, ya koma bakin ƙofa.

Auta ta ja gefen rigarsa.

“Baba, zauna mana. Ba a ƙirgawa da kai.”

“Na sani, Auta,” ya ce. “Ƙyale ni tukuna.”