Tarin Mai Jan Baƙi

Alaramma Iro ya tura ƙafarsa cikin takalmi, takalmin ya ƙi. Ya sake dannawa har sai da ya dafa bango. Ƙafar ta kumbura suntum, in ka danna da yatsa sai wurin ya lotsa ya zauna a haka.

Hajo, matarsa, tana tsakar gida tana tace tsamiyar kunun buɗa-baki, amma idonta na kansa.

"Malam, mi ya samu ƙafar nan?"

"Zama ne ya yi yawa."

"To ƙwayoyin da na tsinta bayan randa fa? Su ma zaman suke?"

Ya zura silifan banɗaki, ya saɓa rawani, ya fice.

Shekara da shekaru shi ke jan baƙi a tafsirin Malam Muhyiddeen na masallacin unguwarsu a Kambarawa. Shi zai karanto aya, Malam ya fassara. Ba shi da shago, ba shi da ofis, watan nan guda na azumi shi ne duk mutuncinsa a gari. To ana saura kaɗan a ga wata likita ya ce zuciyarsa ta yi rauni, ya haɗo shi da magunguna. Ɗaya ya sa shi zaryar fitsari, ko alwala ba ta zama. Wannan da sauƙi. Masifar ita ce tarin: busasshe, marar majina, kamar gashi ya maƙale a maƙoshi. Ga azumi, babu halin kurɓar ruwa. Yana tsakiyar aya sai ya turnuƙe shi, lasifika kuwa ba ta san rufin asiri ba, ta kai shi har bakin titi. Wani ya kawo zuma, wani citta da kanumfari. Wani kuma ya janye dardumarsa daga kusa da shi, don an fara raɗe-raɗin tarin fuka ne.

Shi dai bai san wace ƙwaya ce mai laifin ba, ranar komawa asibiti kuma sai bayan Sallah. Sai ya haɗa su duka ya yi musu hukunci ɗaya. Kullum da sahur Hajo za ta miƙo masa, ya kai hannu baki, ya zubar bayan randa. Tarin kuwa ya yi sauƙi.

Ranar masallaci ya cika har waje. Alaramma ya zauna gefen Malam, ya gyara makirfo, ya yi ta'awwuzi. Murya ta fito tas, har wani dattijo ya yi kabbara. Gajerun ayoyi suka wuce lafiya. Da aka zo wata doguwa, wadda ya saba janyewa da numfashi ɗaya tun yana saurayi, sai iska ta ƙare masa a tsaka. Ya buɗe baki, ƙirjin ya ƙi cika, kamar an ɗora masa buhu. Ya koma baya ya sake ɗaukowa, ya sake tsayawa daidai wurin.

Can daga sahun gaba Jamilu, wani malamin Islamiyya mai zaƙin murya, ya ɗauki ayar daga inda ta tsaya ya kai ta ƙarshe, yadda ake yi wa wanda ya manta.

Da ma marinsa ya yi. Alaramma da ya rubuta Alƙur'ani da ka, yau shi ake tuna wa aya a gaban jama'a.

Bayan an tashi Malam Muhyiddeen ya riƙe hannunsa, ya yi ƙasa da murya.

"Alaramma, jiki da jini. Ka huta kwana biyu, Jamilu ya riƙe mana."

"Allah gafarta Malam, ba mantuwa na yi ba."

"Na sani, na sani. Girma ne, duk muna hanya."

Wannan "na sani" ta fi tarin ciwo, don ya ga Malam bai yarda ba.

Washegari da safe ko rigarsa bai iya sawa ba sai da ya zauna yana haki. Hajo ba ta nemi izininsa ba, ta tare kurkura, keken nan mai ƙafa uku, suka nufi asibiti. Aka yi masa allura, aka kwantar da shi har rana ta karkata. Likitar da ta duba shi, wata Dakta Ramla, ta saurari labarin daga bakin Hajo tana girgiza kai.

"Haba Baba. Ai ƙwaya ɗaya ce ke sa tarin nan, kuma tana da madadi. Da ka zo ka faɗa, canza ta kawai za a yi."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan." Ta rubuta a takarda, ko minti ba ta yi ba. "Amma yanzu ruwa ya taru a ƙirji. Ka ajiye azumi, ban da doguwar magana, ban da ɗaga murya. Zuwa Sallah za ka ji garau, in sha Allahu."

"Zuwa Sallah," in ji Alaramma. Hajo ta sunkuyar da kai, ta san kafin Sallah ake rufe tafsiri.

A hanyar gida cunkoso ya tsayar da su daidai ƙofar masallacin. Muryar Jamilu na fita daga lasifika, ba tari, ba haki. Mai kurkurar ya rage ƙarar rediyonsa, ya waiwayo yana murmushi.

"Baba, ka ji karatu ko? Sabo aka kawo. Tsohon nan na da, Allah sarki, an ce ya fara mantuwa."

Hajo ta buɗe baki, Alaramma ya dafa mata gwiwa. Ledar sabon maganin na cinyarsa. Leɓunansa ne kawai ke motsi, har sun riga Jamilu kai ƙarshen ayar.